Mai Amsa Ta Ashirin Da Uku

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau aka ƙaddamar da rahotona. Na fara rubuta "rahotonmu" na goge, don littafin nan nawa ne, ba mai karantawa, zan iya son kaina a ciki. Shekara biyu ina jijjiga a bayan motar ofis, ƙananan asibitoci arba'in da ɗaya, hira saba'in da takwas, ga shi duka sun koma shafi sittin da bango shuɗi.

Aikinmu a cibiyar bincike, in za a faɗi gaskiya, shi ne mu je mu gano abin da kowa ya riga ya sani, mu sa masa lambobi da zane-zane, mu miƙa wa masu tsara manufofi ko Allah zai sa su karanta shafin farko. Yawanci ba sa karantawa. Yau kuwa zauren ya cika har da na tsaye. Darakta ya sa kwat ɗinsa na ranar zuwan masu tallafi, ya kira ni ginshiƙin cibiya a gaban jama'a, shi da ya shekara shida yana kirana da sunan wata da ta bar aiki tun kafin in zo.

Taken ne ya tafi da hankalin kowa. Daga bakin mai amsa ta ashirin da uku na ɗauko shi, wata nas da ke riƙe da asibitin ƙauye ita kaɗai: "Magani ya ƙare, amma sannu ba ta ƙare ba." Wata 'yar jarida ta ce tsigar jikinta ta tashi. Malam Waƙafi, editanmu, wanda ya koya min aikin nan tun ban san gabas ba, ya matso ya ce, "Kin ga amfanin barin magana yadda mai ita ta faɗe ta?" Wanda ya san shi ya san ba ya yabo ya wuce haka.

A bakin matakala Darakta ya ce kujerar babbar mai bincike ba za ta daɗe babu kowa a kai ba. Na yi kamar ban gane ba.

Baban yara ya ce daga yau sai ya riƙa auna maganarsa a gidan nan, kar ya wayi gari ya ga "ina kika ajiye min safata" a bangon littafi. Na yi dariya har da hawaye. Ina cikin farin ciki, bari in rubuta don in tuna.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

An karanta taken a rediyo sau biyu. Ƙanwata ta turo hoton jarida, ta zagaye sunana da jan biro.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wata baƙuwar lamba ta kira ni ina tsakiyar amsa saƙonnin taya murna. Muryar mace ce, ba ta ja gaisuwa ba.

"Ke ce mai rikoda? Wadda ta zo wurin mamata bara?"

Na ce wace ce maman tata. Ta faɗi sunan, na gane. Ba zan rubuta shi ba ko a nan, duk da ban san wa nake ɓoye wa yanzu ba.

"Ta ce kar in kira ki, ni ce na kasa haƙuri. Jiya hukumar lafiya ta aiko mata da takardar dakatarwa. Wai ta yi magana da mutanen waje ba izini, ta zubar musu da mutunci. Ran ashirin da shida za ta tsaya gaban kwamiti."

Na ce ba zai yiwu ba. Na hau yi mata bayani kamar ina gaban masu tallafi: na cire suna, na rage mata shekara shida, na ɗauke asibitin daga bakin kogi na kai shi gindin dutse, ko sunan yankin babu a ciki. Na ce to wa ya faɗa musu?

Ta ce, "Anti, ai ba sai an faɗa ba. Sista Sannu fa ake ce mata. Shekara talatin tana faɗin maganar nan. Ko ɗan goye a yankinmu ya ji ta ya san mai ita. Ku kuma kun sa ta a bango da manyan baƙaƙe."

Na ce zan kira. Ta ce to, ta kashe.

Akwai kwalin rahotanni a gefen teburina, guda ɗari biyu, sababbi fil, har yanzu warin tawada suke yi. Na tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Darakta ya saurare ni yana juya biro. Ya kira lauyan cibiya, ya kira Malam Waƙafi. Lauya ya yi tambaya uku. Ta sa hannu a fom ɗin amincewa? Ta sa. Sunanta ya fito? Bai fito ba. An sauya maganarta? Ko harafi. Ya rufe fayil ya ce to mun fita.

"Mun bi ƙa'ida," in ji Darakta. Sau huɗu ya faɗa, na ƙirga. Ya ce hukumar ta rubuto tana neman sunayen masu amsa, kuma ba za a ba ta ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Yana faɗa yana buga ƙirji, sai ka ce ya ceci rai.

Na ce, "Yallaɓai, ai ba sa buƙatar suna."

"Zato suke yi, zato kuwa ba hujja ba ne. Ke dai kada ki kira ta, kada ki rubuta mata. Kiranki shi ne hujjar da suke nema."

Ƙa'ida biyu aka koya min ranar da na fara aikin nan: ki ɓoye mutum, kada ki taɓa maganarsa. Shekara shida ban taɓa tunanin za su yi karo ba, don ban taɓa tunanin akwai wanda maganarsa ce sunansa ba.

Malam Waƙafi yana zaune a gefe. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake cirewa.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban kira ta ba. An ce kar in kira. Ina jin kunyar daɗin da umarnin nan ya yi min.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yara sun fita da babansu, gidan ya yi tsit, sai ɗakin asibitin nas ɗin nan yake ta dawo min.

Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Gado ɗaya, sikelin auna jarirai, kwano mai murfi. Kujera ɗaya ce mai ƙafa huɗu lafiyayyu, ita ta ba ni, ta zauna a kan benci. Kabad ɗin magani a bayanta cike yake da kwalaye, an jera su tsaf, babba a ƙasa ƙarami a sama. Na ce mata ai ku kun fi sauran wuraren da na je. Ta yi dariya ta miƙo min ɗaya. Ba komai a ciki, duka haka suke. Ta ce tana jera su ne don mara lafiya in ya shigo kar zuciyarsa ta karye tun daga bakin ƙofa.

Kafin ta sa hannu ta karanta fom ɗin tun daga sama har ƙasa tana bi da yatsa. A mutum saba'in da takwas ita kaɗai ta karanta. Ta ɗago ta ce, "'Yata, ba wanda zai gane ni?"

Na ce, "Mama, ko ke kika karanta ba za ki gane kanki ba." Har da dariyata.

Ta ce saura kaɗan ta yi ritaya, ba ta son fitina a ƙarshen aiki. Na lissafa yau: shekara talatin da huɗu ta yi, saura wata goma sha ɗaya.

Ban kira ta ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Kowa ya fita cin abinci, na toshe kunne na kunna hirar. Ban san me nake nema ba. Ko kuma na sani.

Minti na talatin da ɗaya ƙofa ta yi ƙara, wata mata ta shigo da yaro yana tari. Muryarta tar a cikin kunnena: "Sista Sannu, kina ciki?" Minti na talatin da biyu Mama tana duba yaron, ba ta da abin ba shi, sai ta sassauta murya ta ce wa uwar, "Sannu, 'yata. Sannu." Bayan sun fita ne ta faɗa min maganar da ke bango.

Na buɗe rubutun hirar, wanda ni na buga da hannuna. A daidai wurin ga abin da na sa: hayaniyar waje.

Na rufe kwamfuta. Ba zan ƙara rubuta komai yau ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na ji. Tun bara na ji. Tun ina zaune a kujerarta na riga na hango maganar a bangon rahoto, har irin baƙaƙen na zaɓa a raina, kuma ban so a ɓata min ba. Shi ke nan, na rubuta.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

An gayyace ni taro a ƙasar waje in yi magana a kan "yadda ake jiyo muryar talaka a bincike". Na karanta, na je banɗaki na wanke fuska. Wata abokiyar aiki ta same ni a can ta ce ai dole in rame, ɗaukaka ba ta zuwa da sauƙi. Na ce mata haka ne.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na samu Malam Waƙafi a ofishinsa yana gyara rubutun wani da jan biro. Na rufe ƙofa na ce ina da dabara.

Kwamitin ba shi da komai sai maganar nan. In na rubuta musu cewa ban taɓa hira da ita ba, a bakin mutanen yankin na tsinci maganar na liƙa ta a kan hirar wata, to ba ta yi magana da kowa ba, ba ta da laifi.

Ya ajiye biron ya ce, "Kin san sunan wannan a aikinmu."

"Na sani, Malam. Ƙage."

"Kin san mai binciken da ta amsa ƙage ko aikin raba takardun tambaya ba mai ba ta? Kin san za a janye rahoton, da duk wanda ya yi magana a cikinsa?"

Na ce na sani. Ya kalli bango ya ce, "Shekara ashirin da biyar ina faɗa da mutane a kan waƙafi. Ni na karanta taken nan sau bakwai, abin da kawai na tambaye ki shi ne ko 'amma' ta ce ko 'sai dai'. Ban tambaye ki wa ya san ta da maganar ba. Laifin rabi nawa ne, 'yar nan."

Ban gaya masa minti na talatin da ɗaya ba. Na bar shi ya ɗauki rabin, na fito. Ban san ni irin wannan ba ce sai watan nan.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ban kira ta ba. Na rubuta wasiƙar, sau biyar ina yagawa.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na yamma

Baban yara ya dawo daga makaranta da tulin takardun ɗalibai, ya same ni a kicin tukunya tana ƙonewa ina tsaye a gabanta. Ya kashe wutar ya ce ko dai in faɗa masa, ko ya fara sayen abinci a hanya. Na faɗa masa duka, har da mintin nan. Na ba shi wasiƙar.

Na zaci zai ce in tuna da yara. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Kin tambaye ta?"

Na ce an hana ni kiranta.

"An hana ki kira, ba a hana ki shiga mota ba. Kin yanke abu a kanta sau ɗaya ba ta nan, ga inda aka kwana. Yanzu kuma za ki sake yankewa?"

Na yi fushi, na ce shi komai sai ya mayar da shi aji. Ya ce to ai ɗalibar ce ta ƙi yin aikin gida. Ban yi dariya ba. Da gaskiyarsa, shi ya sa na fi jin haushi.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je. Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa. Duk hanya kalma ɗaya nake shiryawa, wadda kowa ke faɗa wa wanda abu ya same shi. Da na isa gidanta na kasa faɗin ta. Da wane baki zan ce mata sannu?

Na same ta a baranda tana auna jinin wata tsohuwa da na'urarta ta kanta. Fararen kayan aikinta biyu suna shanye a igiya. Ta gan ni, ta gama da tsohuwar a tsanake, sannan ta ce wa 'yarta, "Kawo wa baƙuwa kujera." Ta rame. 'Yar ta dire kujerar ba ta kalle ni ba.

Na ba ta wasiƙar. Ta sa tabarau, ta karanta tana bi da yatsa, kamar wancan karon.

"Wato ba ki taɓa zuwa wurina ba," ta ce. "To wa na ba kujerata?"

Na ce, "Mama, don a mayar da ke ne."

"In kin kai wannan, littafin fa?"

"Za a janye shi."

"Da maganar sauran mutanen?"

"Duka."

"Ke kuma?"

Na ce zan nemi wani aikin. Ta ce, "Ba mai ɗaukar ki, kin sani na sani."

Ta cire tabarau ta ɗora a cinya. "Bari in gaya miki, 'yata. Na ji zafi. Kwana uku ban sa komai a bakina ba. Amma shekara talatin da huɗu duk ƙarshen wata sai na rubuta musu cewa babu magani, ko 'mun gani' ba a taɓa ce min ba. Rana ɗaya tak aka ji ni, har a rediyo, sai ki zo ki ce ba ni ba ce? In ba ni na faɗa ba, kwalayen nan cike suke ke nan. Kin ɗauki maganata ba ki kula ba, wannan ya wuce. Yanzu kuma so kike ki ƙwace ta gaba ɗaya."

A nan ne na gaya mata. Na ce na ji an kira ta da sunan a cikin hirar, na sani, na sa kai na wuce. Ban san me ya sa na faɗa ba. Wataƙila so nake ta zage ni in samu sauƙi.

Ba ta zage ni ba. Ta kalli igiyar shanya ta ce, "Da ba ki gaya min wannan ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da takarda a cikin leda. Kwafinta ne na fom ɗin amincewa, ta adana shi tare da takardun aikinta. Ta haɗa da wasiƙata ta miƙo min. "Riƙe kayanki. Ran Alhamis zan je in ce musu ni ce. Ban taɓa rubuta wa mara lafiya maganin ƙarya ba, ba zan fara da kaina ba."

Ta sa 'yarta ta raka ni titi. Har na shiga mota ban faɗi kalmar ba.

A mota na buɗe fom ɗin. Layi na shida ya ce: "Ba za a bayyana wani abu da zai sa a gane ki ba." Ga sa hannuna a ƙasa, babba, har da 'yar wutsiyar da nake yi masa in ina jin kaina.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na roƙi Darakta cibiya ta rubuta wa kwamitin, ko ta tura mata lauya. Ya ce yin haka amsa laifi ne, kuma masu tallafi ba sa son hayaniya. Ya ce in daina sa zuciya a aiki. A taron ƙaddamarwa shi ne ya ce abin da ya bambanta ni da saura shi ne ina sa zuciya a aiki.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yau ne. Na zo ofis, na buɗe kwamfuta, ina kallon agogo.

Alhamis, ƙarfe uku da minti goma na rana

Saƙo daga 'yarta: "Ta ce musu ita ce. Sun ce ta janye ta ba da haƙuri, ta ce ba ta san abin da za ta janye ba tunda kwalayen suna nan. An kore ta. Kora, ba ritaya ba."

Na karanta a tsaye gaban injin ɗaukar hoton takardu. Wani ya ce in matsa in na gama, na matsa.

Wata goma sha ɗaya.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban tashi ba sai yanzu. Baban yara ya ce wa yara kaina ke ciwo. Ƙaramar ta leƙo ta ce, "Sannu, Mama." Na juya na fuskanci bango don kar ta ga fuskata.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Abu biyu na tarar a teburina. Na farko takardar ƙarin girma: daga yau ni ce babbar mai bincike, da ofis mai taga. Na biyu fom ɗin da muke cike wa masu tallafi duk bayan rahoto. Tambayar farko ita ce wane tasiri binciken ya yi.

Ban gama karantawa ba Darakta ya shigo da wayarsa a hannu, fuska kamar gonar auduga. Hukumar ta kai mota guda ta magani asibitoci goma sha biyu na yankin, da masu ɗaukar hoto. Ya nuna min. Na gane ɗakin tun daga labulen. Kabad ɗin a buɗe, wani sabon ma'aikaci yana tsaye a gabansa yana murmushi, an tara tsofaffin kwalayenta a ƙasa gefen ƙofa za a zubar.

"Wannan shi ne tasiri," in ji Darakta. "Shekara goma muna rubutu ba mu taɓa ganin mota ta motsa ba. Ki sa shi a layin farko."

Na ce, "Ita fa, Yallaɓai, a wane layi zan sa ta?"

Ya ce fom ɗin ba shi da wurin wannan. Na duba, da gaskiyarsa, babu.

Malam Waƙafi ya zo daga baya ya ajiye min takarda: sabuwar ƙa'ida da ya rubuta, cewa kafin a buga maganar kowa sai an koma an karanta masa ita an tambaye shi wa zai gane shi da ita. Ya ce ihu bayan hari ne, amma in sa hannu tunda ni ce babba yanzu. Na sa. Na kuma gaya masa mintin nan. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To," ya fita a hankali. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai yau.

Talata, 31 ga wata, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Na kira ta.

Ita ta ɗauka. Na ji ƙarar kwanuka, wanke-wanke take yi. Kafin in gama gaisuwa ta ce, "An ce an kai magani. Da gaske har da na hawan jini?" Na ce har da shi, na gani a hoto. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Akwai tsofaffi huɗu da nake tsoron damina ta same su ba shi." Ta ce in na samu hanya in gaya wa sabon ma'aikacin sikelin jarirai yana ƙara rabin kilo, ya riƙa cirewa.

Na gaya mata an ƙara min girma, don ba na son ta ji a bakin wani. Na ce zan ƙi karɓa.

"Ki karɓa ki zauna a kai. In kin tashi wata za su sa wadda ba ta sani ba tukuna. Gara ke da kika sani."

Na ce, "Mama, ke fa? Me za ki yi?"

Ta ce na'urar auna jini tata ce, barandar ma tata ce.

A nan na kasa. Kwana ashirin da shida ina riƙe da kukan, sai ya ɓalle a sabon ofishina, ga taga a buɗe. Na ce ta gaya min abin da zan yi, kowane iri ne, in gyara. Ina kuka ina maimaitawa kamar yarinya. Na ji ta ajiye kwanon, na ji ta ja numfashi. Ina jira ta ce ta yafe, ko ta ce ba ta yafe ba, kowanne ne zan iya ɗauka.

Sai ta sassauta murya ta ce, "Sannu, 'yata. Sannu."

Na san muryar nan, tana minti na talatin da biyu. Ita take yi wa wanda ya kawo mata ciwo, ta duba kabad ba ta da abin ba shi.